Bututun birki ya yi tsatsa yana tsattsafo: a yi masa faci ko a sauya shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Daura. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006 'yar Kwatano, takardunta sun nuna daga Kanada ta fito. Kwanan nan man birki ya fara raguwa, birkin ya yi laushi, sai na taka sau biyu yake kamawa. Bakanike ya ce bututun da ke zuwa tayar baya ta dama ne ya yi tsatsa yana tsattsafo. Ya ba ni zaɓi biyu: ko a yanke wurin a haɗa da guntun bututun jan ƙarfe irin na firji, ko a toshe layin gaba ɗaya tunda birkin gaba ne ke yin aikin. Ga shi kuma tayar gaba ta dama tana zafi duk lokacin da na je Katsina. Wanne zan zaɓa, kuma yaya ake yin aikin yadda ya kamata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara kiyayewa. A cikin zaɓin nan biyu babu wanda zan amince maka da shi, kuma kafin komai ina roƙonka ka ajiye motar nan, kada ta sake hawa titin Katsina sai an gyara ta. Bututun da tsatsa ta ci har ya fara tsattsafo ya riga ya gama aiki, jira kawai yake ranar da za ka danna birki da iyakar ƙarfinka. Bari in yi maka bayanin dalili, domin idan ka gane yadda abin yake tafiya, kai da kanka za ka iya tsayawa a gareji ka san ko daidai ake yi maka.

Idan ka taka feda, masta, wato famfon birki da ke gaban feda, ce ke tura mai cikin bututu, man ya je ya tura fistin ɗin kalifa, wato abin da ke matse fad a jikin faranti, a gaba, ya tura ƙaramar silindar da ke cikin duram a baya. Duk ƙarfin ƙafarka a cikin man nan yake tafiya, domin mai ba ya lotsawa. Ka cika sirinji da ruwa ka toshe bakinsa da yatsa ka danna, ba zai motsa ba. Ka bar iska a ciki ka danna, za ka ji ya lotsa. Wannan laushin da kake ji ke nan: mai ya fita, iska ta shiga, takawar farko tana ƙarewa ne wajen matse iskar, ta biyu ce ke isa taya.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne yawan matsin da ke cikin siririn bututun nan. Iskar da ake bugawa a tayar Corolla, a awon matsi da ake kira bar, bar 2 ce da ɗan ɗoriya. A tsayawar gaggawa, matsin cikin bututun birki yana kai bar 100, yana ma haurawa. A takawar yau da kullum cikin gari kuwa, ko kusa da haka ba ya zuwa. Nan ne faci yake yaudarar mutum. A gareji yaro zai taka, a leƙa a ga babu ɗigo, a ce maka aiki ya yi. Ka yi sati kana yawo tsakanin gida da makaranta lafiya lau. Facin ba zai saki ba sai ranar da akuya ko yaro ko ɗan acaɓa ya faɗo maka a Mashi kana kan gudu, ka danna da ƙarfin da ba ka taɓa dannawa ba. A daidai lokacin ne feda za ta tafi ƙasa.

Sai batun toshe layi, wanda ya fi ba ni tsoro saboda yana da kamar hujja. Gaskiya ne birkin gaba ne ke ɗaukar mafi yawan aiki, a mota irin taka kusan kashi 70 cikin 100. Amma tun ƙarshen shekarun 1960 ake ƙera motoci da masta mai ɗaki biyu, don idan layi ɗaya ya fashe ɗayan ya rage. A motocin da ke ja da tayun gaba, irin su Corolla da Golf, rabon a gicciye yake: tayar baya ta dama da tayar gaba ta hagu ɗaki ɗaya suke sha, baya ta hagu da gaba ta dama su ma ɗaki ɗaya. Ka ga ke nan bututun da ake ce maka na baya ne kawai, idan ya fashe da birkin gabanka na hagu zai tafi. Kuma yadda ake toshewar, ko a daddake bututun da guduma a naɗe shi, ko a cusa ƙusa a bakin noti, shi ma faci ne da ke ɗauke da cikakken matsi. Ko da toshiyar ta riƙe, mota mai birki uku ba ta tsayawa a miƙe. A busasshiyar kwalta ba za ka ji sosai ba, amma a ruwan Agusta ko a kan burji da yashi, ɓangare ɗaya zai kama ɗaya ya saki, bayan motar ya juyo.

Bututun firji kuma zallan jan ƙarfe ne mai laushi. Halin jan ƙarfe shi ne idan ana ta girgiza shi yana taurara, daga nan sai ya tsage, yawanci a wuyansa kusa da noti. Mota kuwa girgiza ce aikinta. Sannan ka tambayi yadda za a haɗa shi da tsohon bututun: ko dai a yi waldar gas, ko a sa haɗin zobe irin na masu aikin famfo wanda yake damƙe bututu ta waje. Walda tana ƙona rufin bututun ta raunana shi, ta bar ƙura da gawayi a ciki. Haɗin zobe kuma an yi shi ne don ruwan famfo, matsin birki yana iya zare bututun daga cikinsa. Bututun da kamfani ya sa wa motarka na ƙarfe ne mai bango biyu, kaurinsa milimita 4.75. Abin da ya halatta a maye shi da shi iri biyu ne: irinsa na ƙarfe, ko na gamin jan ƙarfe da nikel, kashi 90 da kashi 10, wanda Volvo ta fara sa wa motocinta a 1976. Wannan na biyun ba ya tsatsa, yana da sauƙin lanƙwasawa, kuma shi nake fifitawa idan an samu. Launinsa ya fi na firji haske, bai kai shi ja ba, kuma na kirki za ka ga an buga rubutun awonsa a jiki. Kada ka yarda a miƙo maka jajir a ce ai duk ɗaya ne.

Yanzu ga abin da nake so ka fi riƙewa game da motarka ita kanta. Tsatsar nan ba a Daura ta same ta ba. Ƙasarmu busasshiya ce, ƙarfen ƙarƙashin mota ba ya saurin ruɓewa a nan. A Kanada da arewacin Amurka ana watsa gishiri a tituna lokacin ƙanƙara, ruwan gishirin nan ya fantsama ƙarƙashin mota ya maƙale, shekara da shekaru yana ci. Da shi motar ta hau jirgin ruwa. Bututun baya na dama da na hagu tare suke tafiya a jere ƙarƙashin motar, cikin maƙalai ɗaya, kusa da su ga bututun fetur. Shekarunsu ɗaya, gishiri ɗaya suka sha. Wanda ya fara tsattsafo riga 'yan'uwansa kawai ya yi. Don haka a sa motar a kan rami, a kunna tocila, a bi kowane bututu daga masta har taya. A ɓalle maƙalan roba a duba ƙarƙashinsu, domin a nan laka da danshi suke zama. A duba saman tankin mai da inda bututun ya hau kan ƙarfen ƙafar baya, wuraren da ido ba ya kaiwa sai an nema. A goge da burushin waya: idan tsatsar ta sama ce, ƙarfen ya fito sumul yana ƙyalli, wannan zai iya zama. Idan ya fito da ƙananan ramuka, ko yana ɓarewa, ko rufin robar da ke kansa ya kumbura, ya mutu. A mota irin taka, hukuncina shi ne a sauya bututun baya duka biyun daga farko har ƙarshe, a duba na fetur ma tunda an riga an shiga wurin.

Ba kowane lokaci ne sai an sauya dukkan tsawon bututu ba. Idan dutse ne ya daki wuri ɗaya a hanyar ƙauye, ko an kafa jak a kansa ya lotse, ko mai waldar salansa ya ƙona shi, ko waɗanda suka sauke tanki don gyaran famfon mai suka tanƙware shi, sauran jikinsa kuwa lafiyayye ne, ana iya yanke wurin a yi gwama. Sharaɗin shi ne a yi wa kowane baki leɓe da na'ura, a haɗa su da noti biyu da mahaɗin birki na ƙarfe mai zare ciki. Wannan gyara ne karɓaɓɓe. A kan ƙarfe mai tsatsa dai ba ya yiwuwa, domin leɓen tsagewa zai yi.

Maganar leɓen nan ita ce zuciyar aikin, kuma a nan ne ake gane wanda ya iya. Zaren noti ba shi ke tare mai ba. Leɓen bakin bututu ne ke zama a mazauninsa, noti danna shi kawai yake yi. Shi ya sa naɗa farin tef ɗin famfo a zare ba ya maganin yoyo, sai dai guntunsa ya shige ciki ya toshe wani wuri. Leɓe iri biyu ne a motocin da ke yawo a nan. Na Toyota da Honda da sauran motocin Japan mai ninki biyu ne, an baje bakin sannan an lanƙwasa shi ciki. Na motocin Turai, su Golf da Peugeot da Mercedes, a dunƙule yake da ɗan kumburi. Matsalar ita ce zaren notinsu sau da yawa ɗaya ne, M10 mai tazarar milimita 1, don haka bututun Golf zai shiga jikin Toyota ya ɗauru kamar gaske, alhali leɓen bai zauna ba. Yau zai riƙe saboda an matse shi da ƙarfi, gobe ya fara gumi. Na'urar da masu gyaran firji suke amfani da ita kuma, idan babu ɗan ƙarfen da ke yin ninki, leɓe mai falle ɗaya take yi, shi kuwa a birki tsagewa yake. Ka ce a nuna maka leɓen kafin a ɗaura. Ya kasance a tsakiya, sumul, babu tsaga ko ƙanƙanuwa, bai karkace gefe ba. Idan ya karkace a yanke a sake.

Wajen saye, bututun ƙarfe na Beljiyam da aka ciro daga irin motarka ba laifi ba ne idan ka duba shi da idonka ka ga babu tsatsa babu lotsawa, har ma yana da amfanin cewa lanƙwasarsa ta kamfani ce. Idan ba a samu a Katsina ba, Ƙofar Ruwa a Kano ba a cika rasawa ba. Sai dai ka tuna yawancin motocin da ake yankawa daga ƙasashen gishirin suka fito su ma. Tiyon roba kuwa, wanda ke haɗa bututun ƙarfe da taya, sabo kawai. Roba tana tsufa ko ana aiki da ita ko tana ajiye, zafinmu na Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40 kuma yana ƙara gasa ta. Na kirki za ka ga an rubuta SAE J1401 a jikinsa. Motar 2006 idan tiyonta na asali ne, ya ci a ce ya huta.

Ga yadda aikin yake tafiya a hannun mai kula. Motar ta hau rami ko a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe, kada kowa ya shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai ko kan bulo. A danna feda kaɗan a tokare ta da sanda a jikin kujera, wannan yana rufe ƙofar da mai ke saukowa daga kofin man birki, sai ya zama kofin bai tsiyaye ba iska ba ta shiga masta ba. A cire fis ɗin fitilar birki don kada batir ya sauka. A goge notocin, a fesa musu man sassauta tsatsa a ba su lokaci. Notin Toyota lamba 10 ne, kuma yana da tasa sifanar ta musamman, mai zobe da 'yar tsaga da bututu ke shiga, tana kama gefe biyar. Sifana mai buɗaɗɗen baki gefe biyu take kamawa, nan da nan ta mulmule kan notin, daga nan sai filaya da guduma, aikin awa ɗaya ya koma na yini. Idan bututun na yarwa ne, a datse shi a gindin noti a sa soket mai gefe shida. Wuta kuma kada a kusanto da ita, ga tanki ga bututun fetur, tiyon birki ma idan ya ji wuta fashewa yake.

A yi ƙoƙarin fitar da tsohon bututun ba tare da an miƙe shi ba, domin shi ne ma'auni. A bi shi da igiya a san tsawonsa, a yanka sabon da abin yankan bututu mai juyawa, a kankare bakin ciki da waje, a zura noti tukuna sannan a yi leɓe. A lanƙwasa shi a hankali da na'ura ko a jikin wani abu mai zagaye, yana bin siffar tsohon. Inda ya karye ya tsuke, mai ba zai wuce daidai ba, wannan bututun ya lalace. A hura iska a ciki a fitar da ɓarɓashi. A mayar da shi cikin maƙalansa duka, waɗanda suka karye a nemo wasu, domin bututun da aka ɗaure da waya ko aka bari yana lilo zai yi ta goga a jikin mota har ya huje. Ya yi nesa da salansa da duk abin da ke motsi. Kowane noti a fara shi da yatsu ya shiga zagaye uku ko huɗu cikin sauƙi kafin sifana ta taɓa shi, musamman a jikin masta da akwatin ABS, wato na'urar da ke hana taya cijewa in an danna birki, waɗanda na alminiyam ne, zarensu ba ya jure kuskure. Ɗaurinsa ba na ƙarfi ba ne, a awon ƙarfin ɗauri wajen Nm 15 ne kawai. Kusar da ke riƙe tiyo a jikin kalifa tana da washa biyu na jan ƙarfe, ɗaya sama ɗaya ƙasa, sababbi ake sawa. Tiyon kada ya murɗe, layin da ke jikinsa an yi shi ne don a gane hakan. A juya sitiyari iyaka dama iyaka hagu a tabbata bai miƙe tsam ba, bai taɓa taya ko shoka ba.

Sai bilidin, wato fitar da iska. A cika kofi, mutum ɗaya a feda, ɗaya a taya. A sa siririn tiyo mai gani-gari a kan ɗan nonon bilidin, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. Na ciki ya taka a hankali ya riƙe, na waje ya buɗe, mai da kumfa su fita, ya rufe, sannan na ciki ya saki. Idan ya saki kafin a rufe, iska ta koma. A motarka a fara da baya dama, sai baya hagu, sai gaba dama, sai gaba hagu. Wasu Honda daga gaba hagu ake fara musu, don haka kowace mota a bi nata tsarin. Abu biyu nake so ka sa wa ido a nan. Kada kofi ya ƙafe ana cikin aiki, in ya ƙafe an koma farko. Sannan a sa guntun katako ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa. Fistin ɗin tsohuwar masta ya saba da gajeriyar tafiya, can ƙurya kuwa datti da tsatsa sun taru, idan yaro ya yi ta dukan feda har ƙasa robar masta za ta bi ta kan dattin nan ta yage. Da yawa masu mota sun shiga gareji da matsalar bututu sun fita da matacciyar masta ta wannan hanyar, a ce musu dama can ta lalace. A ci gaba da bilidin har sai sabon mai garau ya fito a kowace taya.

Man da za ka sa an rubuta shi a murfin kofi, a motarka DOT 3 ne, DOT 4 ma yana yi. DOT 5 kuwa na silikon ne, ba ya gauraya da su, kada lambar ta ruɗe ka. Man birki yana shan danshi daga iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma idan ya sha ruwa yana saukowa wajen 140. DOT 4 daga 230 yake saukowa 155. Idan ya tafasa tururi yake zama, tururi kuwa yana lotsawa kamar iska, ruwan da ke cikinsa kuma yana cin bututu da silinda ta ciki inda ba a gani. Shi ya sa ake sauya shi duk bayan shekara biyu ko ya ragu ko bai ragu ba. Ka saya a rufe da hatiminsa, a buɗe a gabanka, ka guji na tsiyaye a gora da wanda aka buɗe tun bara. Ruwan omo da wasu direbobi ke zubawa a hanya yana tafasa a digiri 100 kuma yana ruɓar da komai. Baƙin mai ko man giya ko na sitiyari sun fi shi ɓarna, domin suna kumbura duk robar da ke cikin birki, idan suka shiga sai an sauya masta da tiyo da robobin kalifa gaba ɗaya. Idan man birki ya zuba a fenti a wanke da ruwa nan take, yana cin fenti. Ragowar kuma kada a ajiye shi a robar lemo a gida, guba ne, yara ba su san bambanci ba.

Idan an gama duk wannan feda ba ta yi tauri ba, kada a yi ta sayen kaya da ka. Fedar ce za ta faɗi inda ciwon yake. Idan tana da laushi amma tana tauri in an taka sau uku, akwai sauran iska. Idan motarka mai ABS ce kuma an bar kofi ya ƙafe, iskar tana iya maƙalewa cikin akwatin, sai an sa kwamfuta ta kunna famfonsa ana bilidin. Idan an taɓa sauya kalifa, a duba ko an sa ta dama a hagu: nonon bilidin dole ya kasance a sama, in yana ƙasa iskar ba za ta taɓa fita ba. Idan feda tana yin ƙasa sosai amma tana da tauri inda ta tsaya, takawa ta biyu kuma tana hawowa, lainin duram na baya ne ya yi nisa, saiti yake so. Idan ka taka ka riƙe tana zamewa ƙasa sannu a hankali, duba kofi. Mai yana raguwa, akwai yoyo: a bi mahaɗai, a cire duram a duba silinda, a leƙa inda masta ta manne da busta, wato abin da ke ƙara wa ƙafa ƙarfi a kan feda, domin tana iya zubar da mai cikin bustar ba a ga ɗigo a ƙasa ba. Mai ba ya raguwa, masta ce ke sakin matsi a cikinta. Feda mai tauri ƙwarai wadda mota ba ta tsayawa da ita kuwa ba ruwan bututu, busta ce ko tiyon da ke haɗa ta da inji. Ga masu Golf da Hilux da ba su da ABS, akwai wani bawul a ƙafar baya da ke auna nauyin kaya, idan an ɗaga mota tayun baya suna reto yana rage man da ke zuwa baya, bilidin ba zai yi kyau ba sai an lura da shi.

Tayar gabanka ta dama da ke zafi, wata matsala ce daban, kuma ina zargin tiyo. Gaskiya ne tunda ɗakin da ke ba tayar gaba ta hagu mai ya raunana, ita ke ɗaukar kaya fiye da ƙima. Amma hanyar Daura zuwa Katsina ba hanyar yawan taka birki ba ce, idan taya ta yi zafi a kanta to birkin ne ba ya saki. Tsohon tiyo yana iya zama lafiya a ido alhali cikinsa ya ɓare ko ya tsuke. Matsin ƙafarka yana da ƙarfin tura mai ya wuce, amma idan ka saki, man ba shi da ƙarfin dawowa, sai fad ya ci gaba da riƙe faranti. Gwajin ba ya cin ko sisi. A ɗaga tayar, a taka birki sau da yawa a saki, a juya ta da hannu. Idan ta ƙi juyawa, a fara sassauta notin da ke saman tiyo, inda ya haɗu da bututun ƙarfe. Idan ta saki a nan, matsalar tana can sama, wajen masta ko ABS. Idan ba ta saki ba, a ɗaure a buɗe nonon bilidin. Mai ya yi tsartuwa taya ta saki, tiyo ne. An buɗe nonon ma tana nan a riƙe, to fistin ɗin kalifa ne ya cije ko sandunan da take zamewa a kai sun bushe. In tiyo ne a sauya na dama da na hagu tare. A duba fad da faranti na wannan gefen, zafi yana ƙona fad ya sa shi santsi, yana kuma iya tanƙware faranti. Ka kuma lura cewa zafin nan yana dafa man da ke cikin kalifar, kuma ita ce ke kan ɗakin da ya rage maka lafiya. Ɗaki ɗaya yana yoyo, ɗayan yana dahuwa, shi ya sa na ce ka ajiye motar.

Kafin ka biya kuɗin aiki, ka yi gwajin da kanka. A goge kowane mahaɗi ya bushe. Ka tayar da inji, ka danna feda da iyakar ƙarfinka kamar mai tsayawar gaggawa, ka riƙe minti ɗaya. Kada ta motsa ko kaɗan. Kada ka ji tsoron wani abu zai fashe, in mai fashewa ne gara ya fashe a kan rami. Sannan a bi mahaɗan da farar takarda, ko ɗan danshi aka gani a sassauta notin a sake zaunar da shi, in ya ƙi a sake leɓen. Ka fita wurin da babu jama'a ka gwada a gudun kilomita 20, sannan 40, sannan 60, ka ga ko tana tsayawa a miƙe. Ka dawo ka kara bayan hannunka kusa da kowane rim ba tare da ka taɓa ba, zafin dama da hagu ya zama ɗaya. Ka yi wa kofin alama da biro a daidai inda mai ya tsaya, ka duba washegari, ka sake dubawa bayan sati. Lokacin hunturu ma ƙura tana taimakawa, duk mahaɗin da ke gumi za ka ga ta manne masa ya yi baƙi.

Idan a Daura ba a samu mai na'urar leɓe mai ninki biyu ba, kada ka tuƙa motar zuwa Katsina nemansa. A ciro tsofaffin bututun a kai su a motar haya, a yi sababbi a kan awonsu ko a sayo irinsu, a dawo a ɗaura a inda motar take. Idan kuma dole sai motar ta je, a ɗora ta a bayan babbar mota ko a ja ta da sandar ƙarfe, domin ja da igiya yana buƙatar birkin motar da ake ja.